Sunana ya rufe hannun Kaka a farkon fim, ina neman shawara

Mariama: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamis ta sama zan miƙa fim ɗina na ƙarshen karatu. Minti 13 ne, a kan kakana, baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, na sa masa suna Ɗinkin Kaka. Yana buɗewa da hoto guda na sakan 50 ba yanka: gari ya waye, Kaka ya buɗe ƙofar zaure, ya shimfiɗa buzu, ya jawo jar fata, ya fara zura zare a basilla. A kan wannan hoton na ɗora jenerik duka, wato jerin sunayen da ake rubutawa a fim: sunan makaranta, sunan fim, nawa, mai kamara, mai sauti, mai montaj (mai yanka da haɗa hotuna), malamin da ya duba aikin, sai godiya ga mutum shida. Jiya da dare muka haska shi a bangon tsakar gida da majigin aro, abu uku suka tayar min da hankali. Ɗ ta farkon sunan fim ta koma wani ɗan akwati. Sunan mai sauti rabinsa ya yanke. Na ukun shi ya hana ni barci: daidai lokacin da Kaka ke neman kafar basilla, hannunsa na rawa, sai sunana ya sauko ya zauna a kan hannun. Kwana huɗu na yi ina sammako kafin na samu wannan hoton. Ku taimaka.

Lawali Montaj: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Biyun farko gyaran minti goma ne. Na ukun kuwa sai an zauna. Da wane lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, kike aiki, kuma girman hoton nawa ne?

Mariama: DaVinci Resolve, na kyautan, Yaya. 1920 a 1080, hoto 25 a sakan.

Lawali Montaj: To madalla. Kunna layukan iyaka a allon kallo. Ƙa'idar yanzu ita ce rubutu ya bar kashi 5 cikin ɗari ta kowane gefe. A girmanki, fiksel 96 ke nan dama da hagu, 54 sama da ƙasa. A zamanin telebijin mai ƙeya kashi 10 ake bari, domin akwatin yana cinye bakin hoto. Ni har yau 10 nake bari, saboda bidiyon biki nake yi, kuma ban san inda za a kalle shi ba. Wani zai sa a tsohuwar telebijin, wani majigin da ba a daidaita ba irin naki na jiya. Bar 192 a gefe, 108 sama da ƙasa, ki huta.

Nana ta Zango: Maganar Ɗ bar min ita. Ba laifinki ba ne, salon haruffan da kika zaɓa ne ba shi da ita. Yawancin waɗannan masu ado da ake saukewa kyauta an yi su ne don Turanci da Faransanci, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu. In lojisiyel ya nema ya rasa, ko ya sa akwati, ko ya aro harafin daga wani salon daban, sai ki ga Ɗ ta fi ƴan uwanta kauri ko ta fi su tsayi. Na biyun ya fi ɓarna, don ba a lura sai an haska a babban allo. Ki gwada Noto Sans, ko Andika, ko Charis SIL. Duk kyauta ne, lasisinsu ya yarda a sa su a fim, kuma masu ƙugiyar suna nan manya da ƙanana. Kafin ki yarda da kowane, rubuta Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ a jere ki ƙura musu ido.

Abdu na Maraɗi: Ko kuma a rubuta Dinkin Kaka a wuce wurin. Wa zai kasa ganewa? A waya haka muke rubutu kullum.

Nana ta Zango: Saƙon waya daban, sunan fim daban, Abdu. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne. Da ɗan karan nan na é ta Faransanci ne ya faɗi daga kan e, da malamai sun ja jan biro. Ina dalilin da namu harafin zai zama shi ne mai arha? Kuma Mariama, ki tsaya a kan ƴ mai ƙugiya tunda ita muke rubutawa a Nijar, a Najeriya ne suke sa waƙafi a gaban y. Duk wanda kika zaɓa dai kada ki gauraya.

Mariama: Na sa Andika yanzu, Ɗ ta fito lafiya. Na gode Yaya Nana. Saura babban.

Malam Issa: Ƴata, na karanta bayaninki sau biyu. Na yi shekaru ina wannan aikin a gidan telebijin kafin in ajiye, bari in faɗa miki abin da na gani. Taura biyu ba ta taunuwa. Ido ko ya karanta ko ya kalla, kuma in aka ajiye masa rubutu, rubutun zai fara bi, ko yana so ko ba ya so. Kin ɗora layi goma sha uku a kan sakan 50. Ke nan mai kallo bai ga kakanki ba sam, karatu ya yi ta yi har hoton ya ƙare. Matsalar ba wurin da sunanki ya sauka ba ce kawai. Ko kin tura shi kusurwa, muddin ya fito a lokacin da zare ke neman kafar basilla, ya sace idon mutane daga hannun. Ki zauna ki kalli hoton babu rubutu, da takarda a gabanki. Rubuta sakan ɗin da wani abu ke faruwa, da sakan ɗin da ba abin da ke motsi. Rubutu a na biyun yake zama.

Mariama: Na yi, Baba. Sakan 8 na farko ƙofa ce a rufe, sai lungu da bango. Daga 8 zuwa 20 yana buɗewa yana shimfiɗa. Daga 20 zuwa 41 zare da basilla. Daga 41 zuwa 50 ya sunkuyar da kai ya fara ɗinki, hoton ya natsu.

Malam Issa: To ga amsarki nan da hannunki. Gurbi biyu gare ki: takwas a farko, tara a ƙarshe. Sunan makaranta ya fito a kan baƙin allo tun kafin hoton, tare da ƙarar asuba in kina da ita. Sunan fim ya jira har zare ya shiga. Mutum ya riƙe numfashi tare da tsohon, zaren ya wuce, sannan Ɗinkin Kaka ya bayyana. A nan ne sunan zai yi ma'ana, domin an riga an ga ɗinkin da kakan. Sauran duka su koma ƙarshen fim.

Hadiza: Baba Malam, da girmamawa, nan ban bi ka ba. Ni na san yadda aka yi fim ɗin nan, tare muka yi ta jigila. Kawunta ne ya biya kuɗin hayar kamara. Mai sauti bai karɓi ko dala ba, kwana huɗu yana tashi kafin kiran salla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kowa ya san halinmu, da zarar an ga fim ya ƙare sai a miƙe ana neman takalmi, wa ke tsayawa karanta sunayen ƙarshe? In aka kai su can, tamkar an ɓoye su ne. Kawu zai zo kallo, zai zauna a gaba, ya jira sunansa bai gani ba. Mariama ce za ta koma gida da wannan, ba mu ba.

Abdu na Maraɗi: Gaskiya Hadiza ta faɗi. Finafinan Kano ma da muka tashi muna kallo, ai sunaye a gaba suke, ba wanda ya mutu.

Lawali Montaj: Waɗancan awa biyu ne ko fiye, Abdu, kuma sunan ɗan wasa shi ke sayar da fim, dole a nuna shi da wuri. Wannan minti 13 ne. In ta ba sunaye minti ɗaya, ta ba su kusan kashi takwas cikin ɗari na fim ɗin tun ba a fara ba.

Malam Issa: Hadiza, maganarki tana da nauyi, ban raina ta ba. Yabon gwani ya zama dole. Amma ki duba yadda godiyar take a yanzu: sunan kawun yana tsakiyar mutum shida, da ƙananan haruffa, sakan uku, a kan bangon da ya kusa launi ɗaya da rubutun. Wannan karramawa ce? Ni a ganina a ba shi allo nasa shi kaɗai, farkon abin da zai fito bayan hoton ƙarshe, kafin sunan Mariama ma. Lokacin nan mutane ba su miƙe ba, zuciyarsu tana cikin fim ɗin. Sunan da ya fito a wannan gaɓar shi ake tafiya da shi gida.

Hadiza: In kafin sunanta ne, kuma shi kaɗai, to da sauƙi. Amma ta faɗa masa tun kafin ranar, kada ya gani a bainar jama'a. Mai sautin fa?

Mariama: Na kira shi yanzu. Ya ce shi in dai ba a sa kiɗa a kan ƙarar ƙofar nan ba, a kai sunansa duk inda aka ga dama. Ƙofar icce ce tsohuwa, tana da wani kuka in ana buɗe ta, ya ce ita ce abin da ya fi so a duk abin da ya ɗauka.

Lawali Montaj: Wannan ya san aikinsa.

Abdu na Maraɗi: To tunda sunan fim kaɗai zai fito, a yi masa kwalliya mana. Ina da wani tsari a CapCut, haruffa na zinariya, suna juyowa ɗaya bayan ɗaya da ɗan tartsatsi. In tura?

Nana ta Zango: Zai yi kyau a bidiyon kamu ko na suna, Abdu, can ana son ƙyalli. Nan tsoho ne a zaure da hasken safe. Launin da ke cikin hoton ya isa: jan fatar, ƙasa-ƙasan bango, farin gemunsa. Mariama, kada ki sa fari tas, yana ƙuna a ido a kan hoto mai laushi. Ɗauko launin daga cikin hoton da kansa, misali farin zaren ko na rigarsa, mai ɗan ruwan madara. Kuma guji siraran haruffa. Fim ɗin nan ƙarshenta ta WhatsApp zai yawata, shi kuwa in ya matse bidiyo siraran layuka ne ke fara narkewa, ƙugiyar Ɗ ce za ta fara tafiya.

Mariama: Wurin zama fa? A sakan 41 Kaka yana dama, ya duƙa yana kallon hagu da ƙasa. Hagu ta sama bango ne fili, sai wani tsohon zane na magina a can gefe. Na gwada ƙasa ta tsakiya, ya yi min kyau.

Malam Issa: Ƙasa ba taki ba ce, ta fassara ce. Kaka zai yi magana da Hausa, kuma duk inda za ki aika fim ɗin a waje sai da rubutun Faransanci a ƙasa. Sunan fim ɗin ma sai an fassara shi a wannan gurbin. In kin cike shi, rubutu zai hau rubutu. Kada ki ce fim ɗin ɗaliba ne ba inda za shi. FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, tun 1969 ake yin ta, kuma babbar kyautarta, da aka fara bayarwa a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta, Oumarou Ganda. Ki yi aikin kamar zai je can. Sa sunan a hagu, a kan filin bangon, ɗan sama da tsakiya. Fuskarsa ta ba wannan ɓangaren, idon mai kallo zai tashi daga kansa ya tarar da rubutun ba wahala.

Lawali Montaj: Ƙari kaɗan. In bangon ya yi haske har rubutun na nitsewa, kada ki sa baƙar inuwa mai kauri a bayan haruffa, tana sa aiki ya zama na gaggawa. Rage hasken wannan gefen kaɗan da mask mai laushin baki, wato abin keɓe wani sashe na hoto a lojisiyel, yadda ba wanda zai lura an taɓa. Shiga da fita kuma hoto 12 ya isa, kusan rabin sakan. Tsawon zamansa: karanta shi da baki sau biyu a natse, abin da ya ɗauka shi ne. Kalma biyu, sakan huɗu zuwa biyar. Girma kuwa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tura wa kanki a waya, riƙe ta a tsawon hannu, in kin ƙanƙance ido kafin ki karanta, to ƙara.

Mariama: Akwai wanda ya ce in sa baƙaƙen layuka sama da ƙasa don ya yi kama da na sinima.

Lawali Montaj: Za su cinye miki kusan fiksel 138 sama, 138 ƙasa. Kin ɗauki hoton da wannan a ranki? In a'a, kan Kaka ko basillar ɗaya zai tafi. Bar shi yadda yake.

Habu: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Tambaya ɗaya: kakan naki yana karanta boko?

Mariama: A'a. Allo ya yi. Lissafin bashin fatarsa ma da ajami yake rubutawa a wani ɗan littafi.

Habu: To fim a kansa, sunansa a kai, shi kaɗai ne a wurin kallon ba zai iya karantawa ba. Me zai hana sunan ya fito da ajami, boko a ƙarƙashi?

Nana ta Zango: Wayyo, wannan ban kawo shi a raina ba. Akwai salon Alkalami da Harmattan, dukansu na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, an yi su don ajamin Afirka ta Yamma, Alkalami ma irin hannun Kano ne. Sai dai a yi hattara, wasu lojisiyel na montaj suna wargaza haruffan ko su jera su daga hagu. Gara a rubuta a wani wuri a fitar da shi hoton PNG marar bango, sannan a shigo da shi.

Habu: Ni ba na kwamfuta nake nufi ba. A ba shi alƙalamin kara da tawada, ya rubuta da hannunsa a farar takarda. Ta ɗauki hotonsa a inuwa da rana, Yaya Lawali ya cire farin. Hannun da aka gani yana rawa wajen zura zare, shi ne hannun da ya rubuta sunan.

Malam Issa: Habu, Allah ya yi maka albarka. Abin da zan ja kunne kawai: rubutu biyu a allo ɗaya, dole ɗaya ya zama babba ɗaya ƙarami. In suka yi kai ɗaya za su yi kokawa. Ajamin ya ɗauki girma, bokon ya zauna ƙasansa a natse. Kuma ƙara sakan ɗaya ko biyu a kan abin da Lawali ya ce.

Hadiza: Malaman da za su duba fa? Kada su ce ba a bi ƙa'ida ba. Wasu makarantun suna da tsarin da suke so, tambari da shekarar karatu da sunan mai dubawa.

Mariama: Na duba takardar da aka ba mu. Tambari da sunan makaranta a farko, shi ke nan abin da aka wajabta. Zan sa su a baƙin allo kamar yadda Baba ya ce. Sunan malamina zai zo a ƙarshe, zan je in same shi gobe in yi masa bayani da kaina.

Abdu na Maraɗi: Sakan takwas na farkon fa, da ƙofa ke rufe? A bar shi fili?

Mariama: Ina tunanin ɗan ƙaramin rubutu na wuri. Amma na rasa, Zinder zan sa ko Damagaram?

Habu: Kaka me yake cewa in an tambaye shi garinsu?

Mariama: Damagaram.

Nana ta Zango: To "Birni, Damagaram" a hoton, fassarar ƙasa ta ce Zinder don baƙi.

Malam Issa: Ni da zan bar ƙofar ita kaɗai da kukanta. Wanda ya san Birni zai gane lungun daga ginin, wanda bai sani ba zai ji a bakin tsohon nan da minti biyu. Amma wannan ba kuskure ba ne ko ta sa, ra'ayi ne. Fim ɗinki ne, ƴata.

Mariama: Jama'a na dawo, kwana biyu ina kan aikin. Kaka ya rubuta sau biyar, na huɗun muka ɗauka, akwai inda tawadar ta ɗan taru a ƙarshen harafi, na hana Yaya Lawali gogewa. Na cire rubutun wuri, na bi Baba Malam. Yanzu tsarin: baƙin allo da tambarin makaranta sakan huɗu, ƙarar tsuntsaye ta fara a ƙarƙashinsa, hoton sakan 50 ba komai a kai har zare ya shiga, sunan fim daga sakan 43 zuwa 49. Kawu na faɗa masa, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce ba komai. Ban tabbata ya ji daɗi har zuciya ba, Hadiza ta ce in bar shi sai ya gani. Daren jiya muka sake haskawa a bangon. Da rubutun ya fito, Kaka ya ɗaga yatsa yana bin haruffan daga dama, ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce wasalin ƙarshe ya ɗan karkace, da na bari ya sake.

Hadiza: Ina wurin. Inna sai da ta share ido da bakin mayafi. Har yanzu dai ina ganin mai sauti ya cancanci gaba, amma na yi shiru.

Nana ta Zango: Kada ki bari ya sake. A waya ya ya fito?

Mariama: Ajamin ya fito sarai. Bokon ya ɗan yi ƙanƙanta, na ƙara shi kaɗan.

Lawali Montaj: Fitar da kwafi biyu, ɗaya da fassara a jiki, ɗaya babu. Kalli kowanne daga farko har baƙin allo na ƙarshe kafin ki kwafa, ki karanta sunayen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya da baki, don kuskuren harafi a sunan mutum shi ne ba a yafewa. Kuma ki gama Laraba da rana, kada ki bar wa dare, kin san halin wuta kwanan nan. In kina son a gwada a babban allo, kawo shi shago bayan la'asar.